Darasin Kiwon Lafiya: Murar Da Ke Kwantar Da Mutum Da Amanar Masu Rauni A Gidanki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasinmu na wannan fitowa zai yi magana ne a kan wata cuta da muka raina saboda sabo, wato mura. Sau nawa kika tambayi maƙwabciyarki jikin yaronta, ta ce miki, "Ai da sauƙi, 'yar mura ce kawai"? Sau da yawa gaskiyarta ne, 'yar mura ce. Amma akwai wata mura daban, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita wannan takan kwantar da ƙato mai ji da ƙarfi na tsawon mako guda ya tashi, amma idan ta faɗa kan jariri ko mai ciki ko tsohuwa, tana iya zama ajali. Ke ce kike kwana da yara, ke ce kike jinyar maigida, sau da yawa kuma ke ce kike kula da surukarki. Don haka sanin wannan cuta haƙƙi ne a kanki, domin masu raunin gidan nan amana ce a hannunki.

Mece ce wannan mura?

Wata ƙwayar cuta ce mitsitsiya, daga jinsin da ake kira bairos, wadda ido ba ya gani. Tana shiga ta hanci ko baki ko ido, ta kama hanci da maƙogwaro, wani lokaci ta gangara har cikin huhu. Nau'i biyu ne suka fi damun mutane duk shekara, ana kiransu A da B. Halin wannan ƙwaya shi ne tana sauya kamanni kaɗan-kaɗan daga shekara zuwa shekara, shi ya sa wanda ya yi ta bara yana iya sake yin ta bana, domin jikinsa bai gane ta da sabuwar rigarta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ne ke kamuwa da ita a kowace shekara. Daga cikinsu miliyan 3 zuwa 5 takan yi musu tsanani, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 suke rasuwa. Hukumar ta kuma bayyana cewa kusan duk yaran da ba su kai shekara 5 ba da wannan mura ke kashewa ta hanyar ciwon huhu, a ƙasashe masu tasowa suke, wato irin namu.

Ƙasarmu ma ta taɓa ganin ƙarfinta. A watan Satumba na 1918 wata sabuwar irinta ta shigo Legas ta jirgin ruwa, ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake har ta iso Arewa. Ita ce kakanninmu suka yi wa laƙabi da marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, a duniya kuwa ana maganar miliyan 50. Irin wannan babbar annoba ba kullum take zuwa ba. Wadda muke magana a kanta a yau ita ce ƙanwarta mai zagayowa duk shekara. Tun 2008 hukumomin lafiya na Nijeriya suke bibiyarta ta hanyar gwajin majinyata a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma gwajin ya tabbatar tana nan a cikinmu.

Kada ki haɗa ta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006. Danginsu ɗaya, amma waccan ta kaji ce, ba kasafai take kama mutum ba. Haka kuma daban take da korona da ta shigo mana a 2020, ko da yake alamominsu sun yi kama ƙwarai, har sai an yi gwaji ake rarrabewa.

Sanyi ne ke kawo ta?

A ƙasashen Turai da Amurka lokacinta sananne ne, wato lokacin sanyi. A ƙasashe masu zafi irin namu kuwa ana samunta kowane wata, sai dai takan yi yawa a wasu lokuta, kamar hunturu da kuma damina. Wannan ya sa muke cewa sanyi ne ya kama yaro, ko ƙura ce, ko don ya sha ruwan firji. To, sanyi da kansa ba ya haifar da ita. Dole sai ƙwayar ta fito daga jikin wani ta shiga jikin wani. Abin da hunturu ke yi shi ne buɗe mata ƙofa: iska mai ƙura takan busar da hanci da maƙogwaro, mu kuma mu rufe tagogi ruf, mu taru a ɗaki ɗaya muna shaƙar numfashin juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan mai ita ya yi tari ko atishawa, ko ma magana, 'yan ɗigo-ɗigon yawu da majina sukan fita su bi iska, na kusa da shi ya shaƙa. Haka nan idan ya fyace majina da hannu ya taɓa buta, ko moɗar randa, ko mariƙin ƙofa, ko wayar hannu, wani ya zo ya taɓa sannan ya sosa ido ko hanci, to ya ɗauka. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwo kwana 1 zuwa 4 ne, galibi kwana 2. Kuma mutum yana iya fara raba ta tun kwana guda kafin ya ji komai a jikinsa, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7. Ƙananan yara sukan wuce haka.

Yadda za ki bambanta ta da murar yau da kullum

Murar da muka saba da ita a hankali take zuwa. Yau maƙoshi na ƙaiƙayi, gobe hanci na zuba, ga atishawa, amma kina iya girkinki da shararki, yaro ma yana wasansa. Zazzaɓi in ma akwai, kaɗan ne.

Ita kuwa infuluwenza farat ɗaya take sauka. Yaro ya tafi makaranta lafiya ƙalau da safe, kafin la'asar yana rawar ɗari. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da tsamin jiki kamar an yi wa mutum dukan tsiya, busasshen tari, ciwon maƙogwaro, zubar hanci, da kasala mai hana tashi. Yara kan haɗa da amai ko gudawa. Mafi yawan mutane zazzaɓin yakan sauka cikin mako guda, amma tarin yana iya kai mako 2 ko fiye.

Kin ga kenan ta yi kama da zazzaɓin cizon sauro, kuma a nan ne da yawa suke ruɗewa. Da an ji jiki ya yi zafi sai a aika kemis a sayo maganin maleriya. Abin da ya dace shi ne a yi gwajin jini na ɗan yatsa, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Idan maleriya ce a ba da maganinta, idan ba ita ba ce kin huta da asarar kuɗi, kuma an san inda za a dosa. Ki sani kuma cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya.

Su wane ne masu rauni a gidanki?

Wannan shi ne zuciyar darasinmu, don haka ki tsaya ki ƙirga mutanen gidanki ɗaya bayan ɗaya.

1. Mai juna biyu, a kowane wata na cikin, da maijego a makonni 2 na farko bayan haihuwa. Ciki yakan rage ƙarfin garkuwar jiki, kuma yayin da yake girma yana takura huhu. Murar da kishiyarki ta yi ta warke a tsaye, ke mai ciki tana iya kai ki gadon asibiti, tana kuma iya jawo haihuwar bakwaini.

2. Yara 'yan ƙasa da shekara 5, musamman waɗanda ba su kai shekara 2 ba, da yaron da ke fama da tamowa.

3. Tsofaffi, daga shekara 65 zuwa sama. Su wani lokaci ba sa ma yin zazzaɓi mai zafi. Sai dai ki ga Hajiya ta daina cin abinci, ta yi laushi, ko tana magana ba kan gado.

4. Masu ciwon da ya daɗe a jiki: asma, sikila, ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, tarin fuka, da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kamu, kada ki ce bari mu ga abin da gobe za ta yi. A kai shi asibiti a ranar farko ko ta biyu. Dalili kuwa shi ne akwai maganin da aka yi musamman don wannan ƙwaya, kamar wanda ake kira oseltamivir, kuma ya fi yin aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko. Likita ne ke rubuta shi bayan ya duba majinyaci.

Abin da addininmu ya koyar

Wata za ta ce, "Malama, ai cuta daga Allah take, babu wani ɗaukar cuta." Gaskiya ne babu abin da ke samun bawa sai da ƙaddarawar Allah, kuma cuta ba ta da ikon kanta. Wannan aƙida ce da ba mu wasa da ita. Amma malamai sun yi bayani cewa Allah Ya sanya cuɗanya da mai ciwo ta zama sababi, kamar yadda Ya sanya wuta ta zama sababin ƙuna. Manzon Allah (SAW) ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Ya kuma hana shiga garin da annoba ta ɓarke, ya hana na ciki fita. A zamanin halifancinsa, Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, da ya samu labarin annoba ta sauka a can sai ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina, kuma bai ɗauki hakan a matsayin saɓa wa ƙaddara ba. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Dubi kuma ladabin atishawa. Ya tabbata cewa idan Annabi (SAW) zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannunsa ko tufafinsa, ya kuma sassauta sautinsa. Mukan koya wa yaranmu yin hamdala bayan atishawa, amma mu manta da rufe fuskar, alhali duka biyun koyarwarsa ce. Sannan idan wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa an umurce shi ya nisanci masallaci don kada warin ya cutar da mutane, ina ga wanda zai raba musu ciwo? Da wannan ne malamai da dama suka kafa hujja cewa mai cuta mai yaɗuwa yana da uzurin yin sallarsa a gida. Ki tunatar da maigida wannan cikin ladabi da tausasawa.

Shari'a ta kuma yi wa majinyaci sauƙi. Idan ciwon ya zo a watan Ramadan kuma azumi zai ƙara shi ko ya jinkirta warkewa, ya halatta a sha a rama daga baya. Idan taɓa ruwa zai cutar, akwai taimama. Idan tsayuwa ta gagara, a yi sallah a zaune. Kada ki ƙuntata wa kanki inda Allah Ya yalwata miki.

Rigakafi a cikin gida

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawan abin da zan lissafa ba ya cin ko sisi.

Wanke hannu da sabulu. Alwala tana da falala da tsafta mai yawa, amma ruwa zalla ba ya cire ƙwayar cuta kamar yadda sabulu ke yi. Ki ajiye sabulu kusa da buta, a cuɗa hannu na kamar daƙiƙa 20: bayan fyace majina, bayan share wa yaro hanci, kafin girki, kafin cin abinci, kafin ɗaukar jariri.

Rufe baki da hanci. A yi tari ko atishawa cikin tishu a jefar, ko cikin gwiwar hannu. Idan hankici ne, kowa da nasa, a wanke da sabulu a shanya a rana. Mu daina share wa yara uku hanci da gefen zani ɗaya ko bakin hijabi. Mu daina zuƙe wa jariri majina da baki, mu daina tauna wa yaro abinci alhali muna mura.

Ware wa majinyaci kofinsa da cokalinsa da kwanonsa. Moɗar randa ta ɗiba ce kawai, a zuba a kofi, kada a kafa mata baki. Idan da hali a raba masa shimfiɗa, musamman a nisanta shi da jariri da tsofaffi. Mai jinya ta zama mutum ɗaya, kuma kada ta zama mai ciki.

Buɗe taga. Ko da sanyi, a bar iska ta riƙa ratsa ɗaki, a ƙara wa yara riga da bargo. Kuma don Allah kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutane cikin barci. Hayaƙin itace da na turaren wuta ma suna tsananta tari, a nisanta su da mai mura da mai asma.

Yaro mai zazzaɓi ya zauna a gida. Mu malaman Islamiyya muna ganin yadda abin yake: yara sun cika tabarma kafaɗa da kafaɗa suna ɗaga murya da karatu, ɗaya ya zo yana tari, kafin mako ya zagayo layi guda babu kowa. Kowane ɗayansu kuma gida zai kai wa ƙaninsa na goye. Ki bar shi ya huta har sai ya yi kwana guda cur babu zazzaɓi ba tare da an ba shi magani ba. Haddar da ta wuce shi zai rama, in sha Allahu.

Sai batun zumunci, wanda na san shi ne mai wuya. An yi haihuwa a dangi, ke kuma kina fama da zazzaɓi da tari. Kina tsoron a ce ba ki zo barka ba, ba ki zo suna ba. Sai ki daure ki shiga ɗakin maijego da ya cika maƙil, a miƙo miki jariri ɗan kwana uku, ki rungume ki sumbace shi. 'Yar'uwa, wannan jaririn ba shi da ƙarfin da zai yaƙi abin da ke jikinki. Ki buga waya, ki aika da abin barkarki, ki ce mura ce ta hana ki, za ki zo in kin warke. Wadda ta san ciwon ɗanta za ta gode miki. Ke ma maijego, kada kunya ta hana ki kare ɗanki. In ba za ki iya faɗa ba, ki sa wadda ke zaune da ke, gwaggo ko inna, ta ce an yi masa wanka ya yi barci. Dubiya ma haka: sunna ce mai lada, amma a taƙaita zama, a ɗan ja baya, a yi addu'a a tashi, kada a tafi da goyo. Idan fita ta zama dole ga mai mura, kamar zuwa asibiti, ta sa takunkumi.

Allurar rigakafi

Akwai allurar rigakafin wannan mura, kuma ita ce kariya mafi ƙarfi daga tsananinta. Ana yin ta sau ɗaya a kowace shekara, saboda sauya kamannin da ƙwayar ke yi. Sau biyu a shekara, a watan Fabrairu da Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya take bayyana irin ƙwayoyin da za a haɗa allurar a kansu. Ana yi wa mutum daga ɗan wata 6 zuwa sama, kuma tana ɗaukar kamar mako 2 kafin ta fara aiki. Allurar ba ta sa mura. Abin da akan ji shi ne ɗan ciwo a dantse ko ɗumin jiki na kwana ɗaya ko biyu. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana rage yiwuwar kamuwa da kuma kwanciya a asibiti.

Mai ciki tana iya yin ta, kuma amfanin biyu ne, domin kariyar tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, ta rufe shi a watannin farko da bai isa a yi masa tasa ba. An gwada wannan a nan kusa da mu, a Bamako ta ƙasar Mali, tsakanin 2011 da 2014, a kan mata masu ciki sama da 4,000, kuma an ga jariran waɗanda aka yi wa allurar sun fi tsira daga murar a watanninsu na farko.

A Nijeriya wannan allura ba ta cikin jerin rigakafin yara na kyauta, sai dai ana samunta a wasu asibitoci masu zaman kansu a manyan birane. Ki tambayi ma'aikaciyar jinya ranar awo. Mai niyyar Hajji ko Umara ma ta tambaya tun da wuri, domin hukumomin lafiya na Saudiyya suna ba maniyyata shawarar yin ta, kuma duk mun san tarin da alhazai ke dawowa da shi. In ba ki samu ba, to kada ki yi sakaci da wanda ke hannunki kyauta: rigakafin yara na asibitin gwamnati ya ƙunshi allurar kariya daga ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu, waɗanda su ne sukan biyo bayan mura su yi ɓarna. Ki duba katin yaronki ki tabbatar ya cika.

Jinya a gida

Ga babba ko yaro mai ƙarfi wanda ba ya cikin masu raunin da muka lissafa, jinyar gida ta wadatar matuƙar babu alamar haɗari.

A huta sosai. Ke ma uwargida idan ke ce kika kamu, ki kwanta, ki nemi taimakon 'yar'uwa ko abokiyar zama. Maigida ya sani cewa hutunki na kwana uku ya fi kwanciyarki ta mako uku.

A sha ruwa da yawa, da kunu, da farfesu, da shayi mai ɗumi. Citta da kanumfari da lemon tsami suna sanyaya maƙogwaro, zuma kuma tana sassauta tari. Amma kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, domin tana iya ɗauke da wata ƙwaya da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nono zalla za a ci gaba da ba shi, a ƙara yawan shayarwa. Ko ke ce mai murar kada ki janye nono. Ki wanke hannu, ki sa takunkumi, ki shayar, domin nonon yana ɗauke da kariya.

Don zazzaɓi da ciwon jiki, farasitamol ya isa. Babba kada ya wuce giram 4 a kwana guda, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe, ba a lokaci ɗaya ba. Na yaro kuwa gwargwadon nauyinsa ake aunawa, ki bi abin da ma'aikacin lafiya ya ce. Ki lura, yawancin ƙwayoyin mura na kemis akwai farasitamol a cikinsu, idan kika haɗa biyu kin ninka, kuma yawansa yana lalata hanta.

Ga abubuwan da za ki kiyaye:

Kada a ba yaro ko matashi asfirin a lokacin mura mai zazzaɓi. Yana iya jawo wani mummunan ciwo da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Kada a sayo kafso ko wani antibayotik don mura. Shi bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Shan sa barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Likita ne zai ce ga lokacin da ya dace.

Kada a ba ƙananan yara maganin tari na kwalba ba tare da likita ba. Mai kodin kuwa, tun 2018 gwamnatin Nijeriya ta haramta yin sa da shigo da shi saboda ɓarnar da ya yi wa matasa da matan aure. Kada ya shigo gidanki.

Kada a yi wa ƙaramin yaro sirace da tafasasshen ruwa, ƙuna ta fi murar muni. Kada a cusa wa jariri man zafi a hanci. Kuma kada a kira wanzami ya cire belu don tari ya ƙi tafiya. Belu ba shi ne ya kawo tarin ba, kuma cire shi yana jawo zubar jini da shigar wasu cututtukan.

Alamomin da ba a kwana da su

Idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko tsakar dare ne, a nemi abin hawa.

A jikin yaro: numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, leɓe ko harshe ya sauya launi ya yi duhu, ya ƙi kama nono ko shan ruwa, yana amayar da duk abin da ya ci, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa, fitsari ya ɗauke. Ki koyi ƙirga numfashi da agogon wayarki na minti guda cur, lokacin da yaron yake kwance ba ya kuka. Ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, duk zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi na asibiti ne kai tsaye.

A jikin babba: sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, jiri mai tsanani, tari da jini. Ga mai ciki, a ƙara da raguwar motsin ɗa, ko ciwon mara, ko zubar jini.

Akwai kuma wata alama mai yaudara: majinyaci ya samu sauƙi kwana biyu, har an fara yi masa barka, sai zazzaɓin ya dawo da tari mai tsanani. Wannan sau da yawa ciwon huhu ne ya biyo baya, wanda muke kira sanyin haƙarƙari ko namoniya. Haka nan idan zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, a yi tunanin sanƙarau a garzaya. Tarin da ya wuce mako 2 tare da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Shawarata ita ce ki zauna da maigida tun kowa yana lafiya ku yi wannan magana. Ku yanke asibitin da za a je, ku ajiye ɗan abin da za a shiga mota, kuma ki nemi izninsa tun yanzu cewa idan irin wannan ta taso ba ya gari, ki ɗauki yaro ki tafi. Yara da yawa sun galabaita ne a cikin awoyin da aka ɓata ana jiran a samu mai gida a waya.

Tambayoyin bita

Ki amsa waɗannan, ki kuma tattauna su da 'yan'uwa a wurin ta'alimi:

1. Kawo bambanci uku tsakanin murar yau da kullum da infuluwenza.
2. Su wane ne masu rauni a gidanki, da sunayensu?
3. Me ya sa antibayotik ba ya maganin mura?
4. Numfashi nawa a minti guda ne ya yi yawa ga ɗan wata 8?
5. Wace hujja za ki ba wadda ta ce nisantar mai ciwo rashin tawakkali ne?

Mu riƙa yi wa majinyatanmu addu'a, mu riƙe azkar na safe da yamma, mu kuma riƙi sababan da Allah Ya hore mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin Musulunci, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.